Sharhi: Kiran “a ci kayan gida” na jiran masana'antun da ke auna kansu

Tun bayan juyin mulkin ranar 26 ga watan Yulin 2023 da takunkumin da ƙungiyar CEDEAO ta ƙaƙaba wa Nijar, magana ɗaya ce ke ta dawowa a bakin hukumomi da ƴan kasuwa: mu sarrafa abin da muke nomawa, mu ci abin da muka sarrafa. An ɗage takunkumin a watan Fabrairun 2024, amma iyakarmu da Benin ta ci gaba da zama a rufe. Manyan motocin kaya suka koma bin doguwar hanya daga tashar ruwan Lome, su ratsa Burkina Faso kafin su iso Yamai, farashin kayan waje kuma ya ɗaga. Ga duk mai ƙaramar masana'anta a Maradi ko Damagaram ko Tawa, wannan dama ce da ba a saba samu ba, domin abokin gasarsa na ƙetare ya yi tsada.

Sai dai idan ka saurari masu saye a butik ko a kasuwa, ƙorafinsu kan kayan gida ba shi ne wai ba su da kyau ba. Abin da suke cewa shi ne, na yau ba kamar na jiya ba ne. Sabulun da uwargida ta yaba a wannan wata, wata mai zuwa sai ya narke cikin kwana uku. Ledar piya wata ɗaya cike taf, ta kusa da ita a cikin jaka guda ta yi laɓo-laɓo. Man gyaɗar da ya zo garau yau, gobe ya zo da laka a gindin kwalba. Mai saye yakan yafe tsada, amma ba ya son ya ba da kuɗinsa ba tare da sanin abin da zai samu ba. Da zarar kayan waje sun sauko, zai koma gare su, kuma ba za a ce ba shi da kishin ƙasa ba.

Wannan matsala tana da magani da aka sani shekara ɗari ke nan, kuma maganin ƙididdiga ne.

Takarda guda ta shekarar 1924

A ranar 16 ga watan Mayun 1924, wani masanin kimiyya mai suna Walter Shewhart, da ke aiki a kamfanin Western Electric mai ƙera kayan tarho a Amurka, ya miƙa wa shugabansa wata gajeriyar takarda mai ɗauke da zane. Zanen layi uku ne kwance: na tsakiya yana nuna matsakaicin awo, na sama da na ƙasa suna nuna iyakokin da awon zai iya kaiwa idan komai na tafiya yadda ya saba. Shi ne ake kira jadawalin sa ido kan aiki, kuma har yau da shi ake amfani a masana'antun mota da na magani da na abinci.

Abin da Shewhart ya lura da shi kowane mai awon hatsi ya san rabinsa. Ko da mutum ɗaya ne ya auna tiya goma ta gero da kwano ɗaya, idan aka ɗora su a sikeli ba za su zo daidai ba. Inji ma haka yake. Bambanci ba ya rabuwa da aiki. Sabon abin da ya kawo shi ne raba bambancin gida biyu. Akwai wanda ke cikin jinin aikin, wanda ɗaruruwan ƙananan dalilai ke haifarwa, babu wanda za a nuna da yatsa. Akwai kuma wanda wani dalili na musamman ya jawo: an canza mai kawo kayan haɗi, wani ƙarfe ya ci, an ɗauke wuta an koma kan janareta, ko zafin watan Afrilu ya sa man ya tsinke. Jadawalin aikinsa ke nan, ya gaya maka wane iri ne a gabanka.

Rarrabewar na da muhimmanci domin kuskuren na iya zuwa ta ɓangare biyu. Idan dalili na musamman ya shigo ba a gane ba, za a yi ta fitar da kaya marasa kyau har sai mai saye ya dawo da su. Idan kuma bambanci na yau da kullum ne aka ɗauke shi tamkar wata matsala, maigida zai yi ta murɗa inji duk lokacin da ya ga leda ɗaya ta ragu, ya sake murɗawa idan ta gaba ta cika da yawa. Lissafi ya nuna cewa irin wannan taɓe-taɓe ƙara bambancin yake yi. Mutumin yana ganin ƙoƙari yake, alhali da ya bar injin da ya fi.

Yadda abin yake a aikace

A ɗauki misalin mai masana'antar ruwan leda, tunda babu birnin da ba su a ƙasar nan. Abin da yake buƙata sikeli ne mai kyau, da kayen ƴan makaranta, da mutum ɗaya da zai riƙe aikin. Kowace awa a ɗauki leda biyar a jere daga bakin inji, a auna, a rubuta matsakaicinsu da tazarar da ke tsakanin mafi nauyi da mafi sauƙi. Bayan an tara irin wannan awo sau 20 zuwa 25, sai a fitar da layin tsakiya da iyakokin biyu. Ba maigida ke zaɓen iyakokin ba, daga alƙaluman injin kansa suke fitowa. Yadda Shewhart ya tsara su, idan aiki na tafiya lafiya, kusan sau 3 ne kawai cikin 1.000 awo zai tsallake iyaka haka kawai. Saboda haka duk ranar da ya tsallake, a tsaya a tambaya: me ya canza? Haka kuma idan aka ga awo takwas ko tara a jere duk sun kwanta a gefe ɗaya na layin tsakiya, ko da ba su fita ba, wani abu na jan injin.

Wanda zai ce wannan aikin Turawa ne da bai shafi aljihunsa ba, ga lissafi. A ce mai cika buhunan gari na kilo 50 yana tsoron kada wani buhu ya gaza, sai ya saita injin a kan kilo 50 da rabi. A buhu 1.000 ya ba da kyautar kilo 500, wato buhu 10, ba tare da kowa ya gode masa ba. Idan ya rage tangal-tangal ɗin injin, zai iya sauko da saitin kusa da 50 kuma babu buhun da zai gaza. Wanda bai auna ba, ko dai yana cutar mai saye ko yana cutar kansa, kuma sau da yawa bai san wanne yake yi ba.

Me ya sa ziyarar mai bincike ba ta isa

Duk lokacin da aka kama gurɓataccen kaya, kiran da ake yi shi ne hukuma ta ƙara bincike. Muna da hukumar ANMC mai kula da ƙa'idojin inganci da ma'aunai da ba da takardar shaida, muna da ɗakin gwaje-gwaje na LANSPEX, kuma babu mai musun cewa suna buƙatar ƙarin ma'aikata da kayan aiki. Amma akwai iyakar abin da bincike daga waje zai iya gani, kuma iyakar ta lissafi ce. A ce kwalba 1 cikin kowace 100 na da matsala. Idan jami'i ya zo ya ɗauki kwalba 10, sau tara cikin goma zai koma ofis bai ga komai ba. Kafin ya samu tabbacin kashi 95 cikin 100 na cin karo da ko da guda, sai ya gwada kwalba kusan 300. Babu hukumar da za ta yi haka a kowace masana'anta kowane mako. Wannan kuwa idan shi ya zaɓi kwalaben da hannunsa ke nan, ba a ajiye masa na musamman a gefe ba.

A harkar abinci da magani, abin ya wuce asarar kuɗi. A watan Oktoban 2022 hukumar lafiya ta duniya OMS ta yi gargaɗi kan wasu magungunan tari na ruwa guda huɗu da aka kai Gambiya daga Indiya, bayan mutuwar yara kusan 70 da ciwon ƙoda. Gwajin da OMS ta sa aka yi ya samu sinadarai masu guba a ciki, ko da yake kamfanin ya musanta. Irin wannan guba takan shigo ne ta ruwan haɗin da ake narka magani a ciki, abin da gwajin kowace ganga tun daga ƙofar masana'anta zai iya tarewa. A Najeriya ma an yi irin wannan rashi a 2008 da wani maganin haƙoran jarirai.

A nan gida, abin da ya fi kusa da mu shi ne gyaɗa. Dafin aflatoksin, da wani nau'in funfuna ke haifarwa idan gyaɗa ba ta bushe da kyau ba ko ta sha danshi a rumbu, yana da alaƙa da kansar hanta, kuma toyawa ba ta kawar da shi. Mugun halinsa shi ne ba ya bazuwa daidai. Ƴan ƙwayoyi kaɗan a cikin buhu kan ɗauke kusan dukkan dafin, don haka wanda ya zura hannu ya ɗebo daga saman buhu ɗaya bai gwada komai ba. Shi ya sa Tarayyar Turai, wadda ba ta yarda jimillar dafin ta wuce mikrogram 4 a kilo ɗaya na gyaɗar ci ba, ta tsara har yadda za a ɗebi samfur: a babban lodi, daga wurare har 100. Duk mai mafarkin fitar da man gyaɗa ko ƙuli-ƙuli ko tunkuza zuwa manyan kasuwanni, da wannan lissafi zai fara cin karo.

Kuma ba abu ne da ya gagari ƴan Nijar ba. Kamfanin STA da ke Yamai ya daɗe yana sarrafa Plumpy'Nut, abincin gyaɗar nan da ake ba yara masu tamowa, yana sayar wa hukumomi irin su UNICEF. Masu saye irin waɗannan ba sa karɓar rantsuwa, takardun gwajin kowane rukunin kaya suke dubawa. Inda mai saye ya nemi alƙaluma, an samu wanda ya iya kawo su.

Darasin Japan, farkonsa da ƙarshensa

Duk wanda ya shiga taksi a Yamai ko ya ga motocin da ke ratsa yashi zuwa Agadez ya san irin amanar da aka ba Toyota a ƙasar nan. Abin da da yawa ba su sani ba shi ne, bayan yaƙin duniya na biyu, kayan Japan sunan da suka yi shi ne na arha da saurin lalacewa. A shekarar 1950 ƙungiyar masana kimiyya da injiniyoyin ƙasar ta gayyaci wani Ba'amurke masanin ƙididdiga, Edwards Deming, wanda ya koyi hanyar Shewhart, ya koyar da injiniyoyi ya kuma zauna da shugabannin kamfanoni. A 1951 aka kafa lambar yabo ta inganci da sunansa, Toyota ta ci ta a 1965. Wani malami ɗan ƙasar, Kaoru Ishikawa, ya sauko da abin har ƙasa, inda leburori ke zama ƙungiya-ƙungiya suna duba alƙaluman aikinsu da kansu. Amurkawa ba su farga da Deming sosai ba sai a 1980, lokacin da motocin Japan suka cika musu tituna.

Deming yana da wani gwaji da yake yi a gaban manajoji. Zai kawo akwati cike da duwatsun ado, kashi 80 cikin 100 farare, 20 jajaye. Ya kira masu sa kai ya ce su ne ma'aikata, ya ba su wani faranti mai ramuka 50 su riƙa ɗebowa, ya ce farare kawai kamfani ke so. Wanda ya ɗebo jajaye kaɗan a yabe shi, wanda ya ɗebo da yawa a yi masa barazanar kora. Zagaye na gaba sai gwarzon ɗazu ya koma na baya. Babu mai laifi a cikinsu, jajayen suna cikin akwatin tun farko, kuma mai akwatin ne kaɗai zai iya cire su. Wanda ya taɓa aiki a ƙarƙashin maigidan da ke zaftare albashi duk ranar da kaya suka lalace, alhali shi ne ya sayo arhar kayan haɗi ya kuma ƙi gyara inji, ba ya buƙatar a fassara masa wannan gwaji.

Sai dai labarin Japan bai tsaya a nan ba, kuma a ganina ƙarshensa ya fi farkonsa amfani gare mu. A watan Oktoban 2017 kamfanin ƙarafa na Kobe Steel ya amsa cewa an sauya alƙaluman ingancin wasu kayan alminiyom da tagulla da ya sayar wa ɗaruruwan kamfanoni. A ranar 20 ga watan Disamban 2023 kamfanin Daihatsu, mallakar Toyota, ya dakatar da fitar da dukkan motocinsa bayan wani kwamiti mai zaman kansa ya gano maguɗi guda 174 a gwaje-gwajen da suka shafi samfurin mota 64, wasu tun daga 1989. Kwamitin ya ɗora babban alhaki a kan matsin lokaci: wa'adin da ba ya motsi, da yanayin da faɗuwa gwaji ba abin da ake iya kai wa shugaba ba ne. A watan Yunin 2024 shugaban Toyota kansa, Akio Toyoda, ya fito ya nemi afuwa kan kura-kurai a gwajin neman takardar shaida na wasu samfura bakwai.

Waɗannan kamfanoni ba su rasa injiniyoyi ko na'urori ba. Abin da ya faru shi ne ma'aikaci ya ga cewa rubuta gaskiyar awo zai jawo masa fushin na sama, sai ya rubuta abin da ake son gani. Idan haka ta faru a ƙasar da ta koya wa duniya wannan hanya, mai masana'anta a Maradi da ya sayi sikeli ya buɗe kaye, amma yana zagin yaron da ya rubuta mummunan awo, cikin mako biyu zai samu kaye mai kyawun gani da babu gaskiya ko ɗaya a ciki. Wannan ya fi rashin kayen muni, domin yanzu yana da abin da zai ruɗi kansa da shi.

Siminti da bulo

A watan Oktoban 2024, bayan ambaliyar da ta rusa dubban gidaje a faɗin ƙasar, gwamnati ta rage farashin siminti nau'in 32,5 da kashi 35 cikin 100. Jama'a sun yi maraba, kuma da dalili. Amma lambar nan 32,5 da ke jikin buhu alkawari ce: tana nufin ƙarfin da simintin zai kai, a ma'aunin megapaskal, bayan kwana 28 da kwaɓawa. Ƙa'idar da ake bi a duniya ba ta yanke hukunci da gwaji ɗaya, jerin sakamakon da masana'anta ke tarawa a kai a kai take dubawa ta hanyar ƙididdiga. Ban ce wata masana'anta ta saɓa ba. Abin da nake cewa shi ne, a ko'ina aka ƙayyade farashi alhali kuɗin makamashi da sufuri ba su sauka ba, wurin da ya kamata a zuba ido shi ne nauyin buhu da ƙarfin abin da ke ciki. Zai yi kyau a riƙa wallafa sakamakon gwajin simintin Malbaza da na Badagishiri da wanda ake shigowa da shi, yadda ake wallafa farashi.

Matsalar ta fi tsanani a mataki na gaba, wurin masu buga bulo a bakin hanya. Nan babu awo sai na ido da shebur, kuma yawan bulon da za a fitar daga buhu ɗaya ya danganta da son ran mai wurin. Ƴan uwanmu da ke Abidjan ko Akara ko Aljeriya ko Faransa, masu aiko kuɗi wata-wata ana gina musu gida ba su gani, su ne suka fi shiga wannan haɗari. Hoton katanga a WhatsApp ba ya nuna ƙarfin bulo. Abin da za su iya nema shi ne a rubuta musu buhu nawa aka kwaɓa, bulo nawa ya fito, kwana nawa aka yi ana ba shi ruwa, idan ginin babba ne kuma a kai wasu daga ciki a gwada, ba waɗanda mai bulon ya zaɓo ba.

Wa zai riƙe kayen?

A Yamai ne aka ƙaddamar da fara aikin kasuwar bai ɗaya ta Afirka, ZLECAF, a watan Yulin 2019. Kilishin Nijar da albasar Galmi sun samu rajistar asali a hukumar OAPI. Rajista tana kare suna, amma ɗan kasuwar da zai sayi kwantena guda zai tambayi yawan danshin da ke cikin kilishin, ya kuma so na biyu ya zo daidai da na farko. Idan babu wanda ya taɓa aunawa ya rubuta, cinikin zai tsaya a kwantena ta farko.

A ɗaya gefen kuma, kowace shekara jami'ar Abdou Moumouni da ta Dan Dicko Dankoulodo a Maradi da ta André Salifou a Damagaram da ta Djibo Hamani a Tawa da makarantar EMIG suna yaye matasan da suka karanta lissafi da kimiyyar sinadarai da sarrafa abinci, da yawansu na yawo da takardu suna neman aikin gwamnati ko na ƙungiyoyin agaji. Mun saba ɗaukar ƙididdiga a matsayin aikin hukumar INS, na ƙidayar jama'a da farashin kasuwa. Lissafin da jadawalin Shewhart ke buƙata bai wuce tarawa da rabawa ba, ana iya yin sa a wayar salula. Ƙaramar masana'anta ba lallai ta iya biyan mutum guda cikakken albashi don wannan ba, amma biyar a unguwa ɗaya za su iya haɗa kuɗi su ɗauki ɗaya, ko su karɓi ɗalibai masu neman sanin makamar aiki su ba su wannan aiki maimakon aiken sayen shayi.

Gwamnati kuma tana da sanda a hannunta da ta fi kira a rediyo tasiri, domin ita ce babbar mai saye a ƙasar nan: abincin makarantu da na barikoki, sabulun asibitoci, bulo da simintin azuzuwa. Idan aka sa cikin sharuɗɗan kwangila cewa duk mai kawo kayan gida zai nuna rubutaccen awon da ya yi na watanni uku na baya, jami'an ANMC kuma su riƙa ɗaukar nasu samfur ba tare da sanarwa ba su kwatanta da abin da ke cikin kayen, za a rarrabe mai aunawa da mai cika takarda. Kayen da awonsa ya zo daidai kullum, babu hawa babu sauka, shi ne na farko da ya kamata jami'i ya tuhuma.